Magena tana zabura tana cizon jelarta, wai aljanu ne?

Wata baiwar Allah ce ta turo wannan tambayar daga wani ƙauye a gefen Ringim, na ɗan taƙaita ta: "Likita ina da mage shekararta biyu, ita ke tsare mana ɗakin hatsi. Wata huɗu kenan, tana zaune lafiya lau sai ka ga fatar bayanta tana motsi kamar wani abu na tafiya a ciki, idonta ya yi ƙuru-ƙuru, ta juya ta kama jelarta da cizo tana kuka, ta zuba da gudu, can kuma ta dawo kamar ba ita ba. Shekaranjiya na shafa bayanta ta cije ni. Uwar mijina ta ce aljanu ne a kai ta daji a yar, maigidan ya ce ƙila haukan kare ne a kashe ta, maƙociyata kuma ta ce in jiƙa mata farasitamol. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri da kika tsaya tambaya kafin a yanke hukunci. Bari in fara da na gaggawa tukunna. Dan Allah kar ki ba ta farasitamol ɗin nan, ko rabi, ko kwata, ko ɗan gutsure. Hantar mage ba irin tamu ba ce, ba ta da isasshen sinadarin da ke sarrafa shi, ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ɗin nan da muke watsawa baki in kai ya sara ta isa ta kashe babbar mage, za ki ga dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa sun kumbura, numfashi na mata wuya, kwana biyu uku an rasa ta. Haka ibufurofen da dikilofenak, su kuma ƙoda da ciki suke lalatawa. Ki gaishe min da maƙociyarki, na san alheri take nufi, amma a bar shi.

Na biyu hannunki. Haƙorin mage siriri ne kamar allura, yana shiga can ciki bakin ciwon ya rufe da ƙwayar cuta a ciki, shi ya sa cizon mage ya fi saurin kumburi da ruwa a kan na kare duk da bai kai shi girma ba. In irin haka ta sake faruwa a wanke wajen nan take da sabulu da ruwa mai yawa ana kwarara shi har minti 15, ba wai a ɗan goge da zani ba. Kuma ko yanzu ki je asibiti su duba, su za su ga ko kina buƙatar allurar tetanos, ko maganin kashe ƙwayar cuta, ko rigakafin haukan kare.

Maganar maigida kuma ba abin dariya ba ce, haukan kare na kama mage, kuma akwai shi a ƙasar nan, ya yi daidai da ya kawo shi a ransa. Amma ga abin da za ki gaya masa: dabbar da haukan kare ya bayyana a jikinta ba ta daɗewa, cikin kwana goma yawanci ta mutu, kuma kullum ƙara lalacewa take, ta daina ci, yawu na dalala, ƙafafun baya su shanye. Ba ta yin abu na minti ɗaya ta dawo ta ci abinci ta kwanta tana lasar jiki. Magen da ta yi wata huɗu a haka, abin da ke sa ta zabura ba haukan kare ba ne. Duk da haka tunda tana yawo a waje kuma ta yi cizo, a sa mata ido kwana goma daga ranar da ta cije ki, kar a kashe ta kar a yar da ita, don in an yar da ita ma an rasa hanyar sanin lafiyarta kenan. In ta wuce kwana goman lafiya sai a mata allurar rigakafi, daga wata uku da haihuwa ma ana yi wa mage.

To yanzu ga ainihin zancen. Abin da kika kwatanta, da fatar da ke birgima, da baƙin ido da ke buɗewa, da kai wa jela hari, da gudun, da dawowa hayyaci bayan ɗan lokaci, ya yi kama sosai da abin da a littattafanmu ake kira haifa-estiziya ta mage, ma'anar kalmar jin taɓi fiye da ƙima, ni dai in ina wa mutane bayani ce masa nake ciwon zaburar fata. Tun 1980 aka fara rubuta shi a mujallun likitocin dabbobi. Ya fi farawa ga matasan maguna, shekara ɗaya zuwa biyar, kinga taki ta faɗo ciki. A ƙasashen waje an fi ambaton irin su Siyamis da Bamis da Fashiya da Abisiniya, amma magen gida ta gargajiya ma na yi.

Motsin nan da kike gani ba wani abu ne ke tafiya a ciki ba. Mage na da wata siririyar tsoka shimfiɗe a ƙarƙashin fata, daga kafaɗa har gindin jela, irin wadda doki da saniya ke karkaɗawa in ƙuda ya sauka musu. Ki lura da saniya a turke da rana za ki ga fatar na rawa ita kaɗai, to ita ce dai. A wannan ciwon jijiyoyin wajen ne ke kai saƙo da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, shafar da ya kamata ta ji daɗinta sai ta ji ta kamar an ɗana mata wuta ko an tsira mata ƙaya, ta juya neman abin da ya cije ta ba ta ga kowa ba sai jelarta, sai ta far mata. Ranar da ta cije ki ba ke ta ciza ba a tunaninta, hannunki ne ya zo daidai wajen.

Masana sun rabu a kan tushensa. Wasu na ganin wani nau'in farfaɗiya ne ƙarama da ba ta kayarwa, wasu na ganin ciwon jijiya ne, wasu kuma na ganin damuwa ce da takura ke zama ɗabi'ar da dabba ta kasa bari. Ni abin da aiki ya koya min, ba lallai abu ɗaya ba ne, maguna biyu za su zo da alama iri ɗaya amma abin da ya taso da ita daban. Kuma babu wani gwajin jini ko hoto da za a yi a ce ga shi nan an gan shi. Sunan da ake sawa ne bayan an kore duk sauran abubuwan da ke kawo irin wannan alamar. Wannan wajen nake so ki riƙe sosai, don a ƙauyukanmu in aka bi a hankali sau da yawa ba a kaiwa ga wancan dogon sunan, a hanya ake tsintar mai laifin.

Mai laifi na farko kuwa ƙuma. Na san za ki ce kin duba ba ki ga komai ba, kowa haka yake ce min. Mage na lashe ƙuma ta haɗiye, kuma akwai magen da jininta bai jituwa da yawun ƙuma, cizo ɗaya biyu ya isa ya sa ta ƙaiƙayi na kwanaki, sannan inda ƙaiƙayin ya fi tsananta shi ne daidai gadon baya zuwa gindin jela, wato daidai inda kike ganin motsin. Ga yadda za ki gane. Ki samu farar takarda ko farin ƙyalle ki ɗan jiƙa, ki tsayar da ita a kai lokacin da take cikin natsuwa, ki taje gashin wuya da gefen ciki da matajin nan mai ƙananan haƙora, a hankali, kar ki taɓa tsakiyar bayan. In wasu baƙaƙen ɗigo kamar garin barkono baƙi suka zubo, ki jira kaɗan, in suka narke suka yi ja-ja a takardar to kashin ƙuma ne, jinin da ta sha ne. Ki duba gefen kunne ma, ƙumar kaji na maƙalewa a nan ta ƙi motsi, musamman in magen na kwana kusa da akurki.

Kuma ƙumar da ke jikinta kaɗan ce a kan wadda ke gidan, wajen kashi 5 cikin 100 ne kawai manya a jikin dabba, sauran ƙwai ne da tsutsa a cikin ƙasa, da tsumma, da buhunan da take kwanciya a kai. Macen ƙuma ɗaya na iya zuba ƙwai 40 zuwa 50 a rana. Shi ya sa magani sau ɗaya ba ya isa, sai an jera wata uku aƙalla ana ɗiga mata maganin ƙuma na mage a ƙeya, inda harshenta ba ya kaiwa, irin masu fifronil ko selamektin ko imidakulofirid, a share ɗakin hatsin sosai a kwashe sharar a ƙone, a wanke tsumman da ruwan zafi a shanya a rana, in akwai wasu maguna ko kare a gidan su ma a musu nasu. Ni ko ban ga ƙuma ba sai na yi wannan matakin kafin in yarda in ce ciwon jijiya ne.

Amma nan ne fa inda ake kashe maguna, kuma wallahi abin na min ciwo. Akwai wani bawan Allah da ya taɓa zuwar min a babur da muzuru a cikin buhu, ya ce da ma yana ɗan cizon jela ne sai aka ce ƙuma ce, shi kuma yana da ragowar maganin kaska na shanu, sai ya dama a bokiti ya tsoma shi ciki. Da na kwance bakin buhun jikin muzurun nan ko'ina ɓari yake, kunnuwa na karkarwa, gashin baki na rawa, yawu ya jiƙe masa ƙirji, ko tsayuwa ya kasa, ga warin maganin ya cika ɗakin. Muka wanke shi da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanke kwano har sau uku, aka sa masa ruwa da allurar da ke kwantar da karkarwa, kwana uku kafin ya ɗaga kai ya sha ruwa da kansa. Ya rayu, amma da yawa ba sa kaiwa. Mutumin nan sai cewa yake ai ko ɗan maraƙi yana yi wa da shi. Na ce masa ai maraƙi ba ya lashe jikinsa tun daga kai har jela, kuma hantarsa daban. Duk maganin da ke da fametirin ko saifametirin, da maganin ƙuma na kare, da fiya-fiya, da maganin feshin gona, da baƙin mai da ake shafa wa akuya mai ƙazuwa, da kananzir, da maganin wanke ciwon nan mai sa ruwa ya yi fari, babu wanda ya halatta a jikin mage. Allurar ibamektin ta dabbobi ma da ake ganin maganin komai ce, ba ta wani aikin kirki a kan ƙuma, kuma ɗan kuskuren awo a dabba mai kilo uku sai a samu matsala.

Wannan ya kawo ni wata tambaya da nake so ki amsa wa kanki: ɗakin hatsin nan, ana sa wa buhuna magani? Ana fesa fiya-fiya saboda sauro ko ƙwari? Ana ajiye maganin ɓera? Magen da ke kwana a kan buhun wake mai magani tana tashi tana lashe jikinta za ta iya riƙa samun karkarwar fata da zabura. In haka ne a canza mata wajen kwana yau ɗin nan.

Sai abinci. Mage naman dabba ne abincinta na asali, tuwo da miya ba ya riƙe ta, taki da ke kamun ɓera ta fi wasu sa'a. Amma akwai kuskure biyu da masu son magensu sosai suke yi. Na ɗaya a ɗora ta a kan kifi kaɗai, musamman mai maiƙo irin kifin gwangwani da na ƙanƙara, kullum shi safe da yamma, wannan na cinye bitamin E na jiki har kitsen ƙarƙashin fata ya kumbura ya yi rawaya, magen ta zama ko ɗan taɓa ta aka yi sai ta yi ƙara. Ɗanyen kifi kullum ma, wasu irinsa na lalata bitamin B1, mutanen bakin kogi wajen Haɗeja su kula da wannan. Na biyu a ɗora ta a kan hanta kullum saboda mahauci na bayarwa da arha, bitamin A ya yi yawa, ƙashin wuya da na baya su yi tsiro su sandare, taɓi ya zama azaba. A riƙa gaurayawa, ɗan dafaffen nama, ƙwai dafaffe, kifi dafaffe jefi-jefi, kuma ban da miyar da ta sha albasa da tafarnuwa don suna fasa mata jini. Akwai kuma magen da wani abinci ne bai karɓe ta ba yake sa ta ƙaiƙayi, gane wannan sai an tsare ta a kan abinci kala ɗaya da ba ta saba ci ba har sati takwas, gaskiya ga magen ƙauye mai shiga gida-gida wannan da wuya, ban cika farawa da shi ba.

Sauran abubuwan likita ne zai laluba da hannunsa: tsohon targaɗe ko karaya a jela, ko an taɓa datse ta da ƙofa, ko yaro ya finciki jelar, ko jifa a baya, ƙurji a ƙarƙashin gashi daga faɗan muzurai, makero, ƙazuwa, ciwon gaɓoɓi in ta tsufa. Sannan kar a rikita shi da neman muzuru, ita ma mai neman barbara tana birgima tana kuka tana ɗaga baya in an shafa ta, amma nata kwanaki take yi a jere wajen sati guda, ya lafa ya dawo bayan sati biyu uku, kuma ba ta yaga jelarta.

Kafin ki kai ta wajen likita ki min abu ɗaya, ki ɗauki bidiyo. Mage ba ta cika yin abin nan a gaban likita ba, tana zuwa sai ta zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, mu yi ta kallon juna da mai ita. Bidiyon sakan talatin ya fi min bayanin awa guda. Ki samu ɗan littafin makaranta kuma ki riƙa rubutawa, ranar kaza, bayan magariba, minti ɗaya, yara na guje-guje a tsakar gida, ko muzurun maƙota ya hau katanga, ko an kunna injin markaɗe. Sati biyu kina haka za ki sha mamaki, da kanki za ki fara ganin abin da ke tayar mata.

Idan abin ya motsa, kar a riƙe ta, kar a daka mata tsawa, kar a watsa mata ruwa, duka kuwa ƙara wa wuta fetur ne. A janye yara a bar mata fili, yawanci sakanni ne zuwa minti ɗaya biyu ya wuce. In kin lura da wuri, jelar ta fara kaɗawa da ƙarfi fatar ta fara rawa, wani lokacin ana iya kautar da hankalinta, ki ja igiya a ƙasa ta gabanta ko ki jefa ɗan abin da za ta bi. In ta riga ta kama jelar tana yaga, ki jefa mata zani mai kauri ko bargo daga nesa, ba hannu ba. Amma in kika ga ta faɗi gefe tana shure-shure ba ta san inda take ba, ta saki fitsari, ko abin ya wuce minti biyar, ko yana dawowa a jere a jere, wannan ya zama farfaɗiya sosai ko guba, a nemi likita a ranar.

Zama da ita kuma, doka ta farko a gidan: ba mai shafa bayanta. Kai, da ƙarƙashin haɓa, da gefen kumatu, nan kaɗai, shi ma in ita ta kawo kanta. Ki tara yaran ki gaya musu, har da masu shigowa daga maƙota, don su ne masu ɗaukar mage ta ciki suna jan jela. A ba ta abinci a lokaci ɗaya kullum, mage na son abin da ta saba, canji na tayar mata da hankali fiye da yadda muke zato, sabuwar amarya a gida, sabon jariri, taron biki, an kawo kare, duk suna iya sa abin ya ƙaru. A sama mata waje mai tudu da za ta hau ta ɓuya ba mai damunta, ko kwali ne a kan tsohon turmi a lungu. Sannan wasa, kar ki yi dariya, ki samu karan dawa ki ɗaura zare da gashin kaza biyu uku a bakinsa, ki ba wani yaro mai hankali ya riƙa ja mata minti goma da safe minti goma da yamma, ta yi ta dako tana cafka har ta gaji, a ba ta abinci a bayansa. Na ga magunan da wannan kaɗai tare da maganin ƙuma ya rage musu abin sosai. Kuma ɗaure ta da igiya ko kifa mata kwando wuni guda wai don kar ta ciji mutane, wannan zai ƙara mata ne.

In jelar ta yi rauni, a wanke da dafaffen ruwa mai ɗan gishiri, kamar ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita, a sa mata abin wuya mai kamar mazurari da zai hana bakinta kaiwa, ana iya yanka shi daga roba mai laushi ko kwali mai ƙwari, a naɗe bakinsa da tsumma kar ya yanke ta, a bar sararin yatsa biyu a wuya. Na ɗan lokaci ne kafin ciwon ya warke, kuma ranar da take sanye da shi ba ta fita waje don zai iya maƙalewa a dangar kara. Wasu za su ce a guntule jelar kawai a huta. Na taɓa ganin wadda aka yi wa haka a gida da wuƙa, bayan wata ɗaya aka kawo min ita tana cin ɗan guntun da ya rage, don matsalar ba a jelar take ba, a saƙon da jijiya ke kaiwa take. Yanke jela sai in naman ya mutu ba yadda za a yi, shi ma likita ne zai yi da allurar barci.

In an yi duk wannan, wata biyu uku, ba ƙuma ba guba ba rauni, abin na nan ko tana ji wa kanta ciwo, to sai a zo maganar magani na sha. Wanda aka fi farawa da shi yanzu gabafentin ne, yana kwantar da zafin jijiya kuma yana taimakawa ta ɓangaren farfaɗiya, kwanakin farko zai sa ta barci da ɗan tangaɗi. In alamar farfaɗiya ta fi yawa akan sa fenobabital, shi kuma in an fara ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janyewa. In damuwa ce ta fi rinjaye akwai fulokzetin ko kulomifiramin ko amitiriftilin, su kuma sai an yi haƙuri sati huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsu, mutane da yawa a sati na biyu suke cewa bai yi ba su watsar. In fatar ce ke da kumburi da ƙaiƙayi akan ba da firednisolon na ɗan lokaci. Akwai wani rahoto da aka buga a 2019 a kan maguna bakwai masu yaga jelarsu saboda wannan ciwon, shida daga ciki sun samu sauƙi da magani, yawancinsu da gabafentin ko shi kaɗai ko haɗe da wani. Bakwai ba yawa ba ne, amma ya yi daidai da abin da ake gani a aiki, ana samun sauƙi sosai, sai dai wasu su daɗe a kan magani, wasu har ƙarshen rayuwa, wasu kuma a janye a hankali su zauna lafiya.

Da gangan ban rubuta miki awo ba. Duk magungunan nan na mutane ne, an yi su ne da awon mutum mai kilo sittin saba'in, magenki kuwa da wuya ta wuce kilo uku zuwa huɗu, kafso ɗaya na gabafentin mai miligiram 300 ya ninka abin da take buƙata sau da yawa, kuma in ƙodarta na da rauni sai an ƙara ragewa. Kar a je kemis a ce a ba da na mage, mai kemis ba aikinsa ba ne. Abin da za ki iya yi ki taimaki likita shi ne ki auno ta, ki sa ta a jakar buhu a rataya a sikelin masu sayen hatsi ranar kasuwa, a cire nauyin jakar. Ki fara da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ki nemi likitan da kansa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ki Dutse ko Kano, in har ana buƙatar hoton ƙashin baya da bincike mai zurfi akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. In an fara magani kika ga ta ƙi cin abinci kwana biyu cur, ki kira likitan, mage ba ta jure yunwa kamar kare, hantarta ke taɓuwa.

Ita kuma Inna, uwar mijinki, a bi ta da girmamawa, kar ki je ki ce mata likita ya ce ba ta san komai ba, ni ban ce ba. Duk wanda ya ga fata na tafiya ita kaɗai da ido kamar na mujiya da magariba dole gabansa ya faɗi. Ki nuna mata takardar nan in kashin ƙuma ya fito ja, ki kai ta ta ga fatar saniya na rawa, ki tuna mata ɓerayen da suka yi muku ɓarna kafin magen ta zo, kuma ita ta fi ni sanin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Magen da ta tashi a gida in aka kai ta daji da ciwo a jela ba rayuwa za ta yi ba. Ki roƙe ta arzikin wata uku kawai a gwada.

In kin samu bidiyon ki turo, ki haɗo min da amsar abu uku: a ina take kwana, me ake fesawa ko barbaɗawa a ɗakin hatsin, da kuma abin da ta ci jiya da shekaranjiya. Hannun naki ma ki gaya min abin da suka ce a asibiti.